Ƙwallon Kwando a Amurka: Ɗan Wasa Ya Bar Jami'a Ya Shiga NBA, Ko Ya Tsaya Ya Kammala?

A watan Yunin 2004 ƙungiyar Orlando Magic ce ke da damar ɗaukar mutum na farko cikin sabbin 'yan wasan da za su shiga gasar NBA, babbar gasar ƙwararrun ƙwallon kwando ta Amurka, kuma mutum biyu ne a gabanta. Ɗaya shi ne Emeka Okafor, haifaffen Houston wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Cikin shekara uku ya kammala digiri a fannin harkokin kuɗi a Jami'ar Connecticut, kuma wata biyu kafin nan ya jagoranci jami'ar ta ɗauki kofin ƙasa. Ɗayan kuwa Dwight Howard ne, yaro ɗan shekara 18 da ya gama sakandare a Atlanta, ko ƙofar jami'a bai taka ba. Orlando ta ɗauki yaron. Okafor ya tafi Charlotte a matsayi na biyu, kuma shi ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa a kakarsu ta farko, masu cewa karatu ya yi rana suka yi ta tafi. Da tafiya ta yi nisa sai ga Howard ya shiga wasan taurari sau takwas, ya kuma zama gwarzon ɗan wasan tsaro shekara uku a jere. Shi ma Okafor bai tashi a tutar babu ba, domin a 2008 ya sa hannu kan kwantiragin dala miliyan 72.

Duk ɓangaren da mutum yake a wannan muhawara, zai iya ɗaukar labarin nan ya kafa hujja da shi. Matsalar gardama da sunaye ke nan. Ka kawo Tim Duncan, wanda ya yi shekara huɗu cur a Jami'ar Wake Forest don cika alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa kafin ta rasu, daga baya ya ci kofin NBA biyar, sai a kawo maka Kobe Bryant, wanda bai yi jami'a ba ko kwana ɗaya, shi ma kofi biyar ɗin ya ci. A haka za a kwana ana ja. Amsar tana cikin dokokin shiga gasar da yadda ake lissafin albashi, kuma waɗannan sun sauya sosai, musamman daga 2021 zuwa yau.

Har zuwa farkon shekarun 1970, NBA ba ta karɓar ɗan wasa sai ya cika shekara huɗu da gama sakandare. Wanda ya karya wannan shinge shi ne Spencer Haywood, ɗan wani gida mai fama da talauci a jihar Mississippi, wanda ya ciyo wa Amurka zinare a wasannin Olamfik na 1968. Ya bar Jami'ar Detroit, ya buga wa wata gasa mai hamayya da NBA, sannan ƙungiyar Seattle ta ɗauke shi kafin wa'adin ya cika. Rigima ta kai Kotun Ƙoli, a 1971 ta ba shi gaskiya. Daga nan aka fara barin 'yan wasa su fita kafin kammalawa. Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, bai jira shekararsa ta ƙarshe a Jami'ar Houston ba, aka ɗauke shi na farko a 1984. Michael Jordan, wanda aka ɗauka na uku a wannan shekarar, shi ma saura masa shekara ɗaya a North Carolina ya fita.

Tsallake jami'a gaba ɗaya bai zama ruwan dare ba sai bayan Kevin Garnett a 1995. Kobe ya biyo a 1996, Tracy McGrady a 1997, LeBron James a 2003. Su ake tunawa. Ba kasafai ake tuna Korleone Young ba, wanda Detroit ta ɗauka a 1998 ya buga wasa uku kacal, ko Lenny Cooke, wanda a sakandare ake jera shi da LeBron, ya shiga zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NBA ke yi duk shekara, a 2002, ba wanda ya kira sunansa. Akwai kuma Ndudi Ebi, ɗan asalin Najeriya haifaffen Landan. Ya riga ya amince zai je Jami'ar Arizona, sai ya fasa, Minnesota ta ɗauke shi na 26 a 2003. Wasa 19 ya buga cikin kaka biyu aka sallame shi, galibin sauran rayuwarsa ta ƙwallo a wasu ƙasashe ya yi ta.

Irin waɗannan labarai ne shugaban NBA na lokacin, David Stern, ya riƙe har aka cimma yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa a 2005. Tun daga zaɓen 2006, dole ɗan wasa ya cika shekara 19 a cikin shekarar zaɓen, in kuma ɗan Amurka ne ya kasance ya yi shekara guda da barin sakandare. An sayar da dokar da sunan kare yara. Gaskiyar magana, masu ƙungiyoyi ta fi karewa. Maimakon su zuba miliyoyi kan yaron da ba su gani ba sai a filin sakandare yana tumurmusa ƙananan yara, yanzu jami'o'i za su gwada musu shi kyauta har shekara guda, a gaban talabijin, ya iso da sunansa an riga an san shi. Dokar ba ta sa kowa ya tsaya karatu ba. Abin da ta haifar shi ne 'yan shekara ɗaya, irin su Kevin Durant, Derrick Rose, John Wall, Anthony Davis da Joel Embiid na Kamaru, waɗanda kan shigo a watan Agusta su tattara kayansu a Afrilu. Kyrie Irving wasa 11 ya buga wa Duke saboda rauni a ɗan yatsan ƙafa, duk da haka shi aka ɗauka na farko a 2011. Koci John Calipari ya gina ƙungiyar Jami'ar Kentucky a kan wannan tsari ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ya ci kofin ƙasa da shi a 2012.

Lissafin da ke tura yaro waje

NBA ƙungiya 30 ce, zaɓen kuma zagaye biyu ne, wato gurbi 60 a shekara, kuma da 'yan Turai da Afirka da Ostareliya ake takarar su. Jami'o'in da ke rukunin farko na hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, sun haura 350. Ƙididdigar hukumar da kanta ta nuna kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne na 'yan ƙwallon kwando maza ake ɗauka. Saboda haka mafi yawan ɗalibai 'yan wasa wannan tambaya ba ta ma shafe su ba. Magana ce ta 'yan ɗaruruwa kaɗan a kowace shekara.

Cikin gurbi 60 ɗin nan ma akwai katanga a tsakiya. Wanda aka ɗauka a zagayen farko yana da albashi ƙayyadadde gwargwadon lambarsa, shekara biyu tabbas ko da ya karye a ranar farko, da wasu shekara biyu da ƙungiya ke da zaɓin ci gaba da shi. An kawo wannan ma'auni ne a 1995, bayan Glenn Robinson ya karɓi kwantiragin dala miliyan 68 tun bai buga wasa ko ɗaya ba. A 2025 na farko, Cooper Flagg, ya fara da kusan dala miliyan 14 a shekara, na 30 kuma da abin da bai kai miliyan uku ba. Daga na 31 zuwa ƙasa kuwa babu tabbas, sai yadda ciniki ya kaya. Wasu kan samu kwantiragi mai kyau, wasu a ba su na raba ƙafa tsakanin NBA da ƙaramar gasarta ta G League, wanda kuɗinsa rabin mafi ƙarancin albashi ne. Wanda ya faɗa G League zalla kuwa, abin da yake samu a kaka bai fi dala dubu 40 da 'yan kai ba.

Amma ba albashin farko ne ke sa wakilan 'yan wasa matsa wa yara su fita ba. Kwantiragi na biyu da na uku suke hange. A NBA, iyakar abin da za a iya biyan mutum ya dogara ne da yawan shekarun da ya yi a gasar, ba shekarunsa na haihuwa ba. Wanda bai kai shekara bakwai a ciki ba, a ƙa'ida iyakarsa kashi 25 cikin ɗari na rufin albashin ƙungiya, wato adadin da aka ƙayyade wa kowace ƙungiya na jimillar albashin 'yan wasanta. Daga bakwai zuwa tara, kashi 30. Daga goma zuwa sama, kashi 35. A kakar 2025 zuwa 2026 rufin ya kai kusan dala miliyan 155, ke nan kashi 35 ya haura miliyan 54 a shekara guda. To yaron da ya shiga yana da 19 zai kai wannan mataki yana da 29, lokacin da yake kan ganiyarsa. Wanda ya tsaya ya kammala ya shiga yana da 22, sai yana da 32 zai kai, lokacin da gwiwa ta fara ƙara, ƙungiyoyi sun fara ja da baya. Ashe shekarar da tauraro ya ƙara a jami'a, ba shekarar ƙaramin albashi ya bayar ba. Ɗaya daga cikin shekarunsa mafi tsada ya yanke daga can gaba. Wannan shi ne abin da masu wa'azin a tsaya a yi karatu ba sa son a lissafa, kuma ni a ganina shi kaɗai ya isa ya rufe maganar ga duk wanda aka tabbatar masa yana cikin goma sha biyar na farko.

Ga kuma haɗarin jiki. A Fabrairun 2019, ana fara wasan Duke da North Carolina, Barack Obama na zaune a gefen fili, takalmin Zion Williamson ya yage ya murɗe gwiwa tun ba a yi minti ɗaya ba. Tikitin wasan ya kai dubban daloli, shi kuwa ko sisi ba a biya shi ba. Ya yi sa'a raunin bai yi tsanani ba. Nerlens Noel na Kentucky, wanda ake sa ran shi ne na farko a 2013, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Fabrairu, ya gangaro zuwa na shida. Wani lokacin ma ba rauni ba ne, daɗewa ce kawai a gaban masu ido. Jared Sullinger na Ohio State, da ya fita a 2011 da cikin na farko-farko za a ɗauke shi. Ya koma shekara ta biyu, likitoci suka gano matsala a bayansa, Boston ta same shi a na 21. Masu farautar 'yan wasa sun fi son ɗan 19 da ba su gama sani ba a kan ɗan 22 da suka ƙare wa kallo, domin na farkon suna iya yi masa mafarkin abin da zai zama. Ga ɗan wasa kuwa, ƙwai a baka, in ji Hausawa, ya fi kaza a akurki.

Duk da haka akwai waɗanda zaman ya yi musu rana, kuma ba kaɗan ba ne. Galibinsu ba su shigo jami'a da suna ba. Damian Lillard ya yi shekara huɗu a Weber State, ƙaramar jami'a a Utah, a can ya koyi riƙe ƙungiya a wuyansa, aka ɗauke shi na shida a 2012. Stephen Curry shekara uku ya yi a Davidson. Jalen Brunson ya ci kofin ƙasa biyu da Villanova kafin ya fita. Pascal Siakam ɗan Duwala, wanda bai fara ƙwallon kwando da gaske ba sai da ya kusa gama sakandare, yana buƙatar shekarun da ya yi a New Mexico State. Zach Edey ɗan Kanada ya zama gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2023 amma ba a yi masa kallon ɗan zagayen farko ba, ya koma Purdue, ya sake lashe kyautar, ya kai su wasan ƙarshe, Memphis ta ɗauke shi na tara a 2024. Dalilin a fili yake. Matashin da ke buga minti 35 a kowane wasa, ƙwallo na hannunsa a lokacin da wasa ya yi zafi, ya fi saurin gogewa a kan wanda ke zaman benci a NBA yana miƙa wa manya tawul.

Sai dai ko wannan ba doka ba ce. Oscar Tshiebwe ɗan Lubumbashi ta ƙasar Kongo ya zama gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2022, ya koma Kentucky shekara ɗaya, a 2023 aka gama kiran sunaye babu nasa. Salon wasansa na ƙarƙashin kwando ne, NBA kuma ta koma neman dogaye masu jifa daga nesa. Ƙarin shekara ba ta sauya wannan ba.

Shi kansa karatun fa?

A nan ne ya kamata a yi gaskiya. Ɗan shekara ɗaya, abin da ake buƙata gare shi don ya ci gaba da wasa a zango na biyu bai wuce ya ci kwatankwacin kwas biyu a zangon farko ba. Da an kammala gasar watan Maris, wadda ake fitar da zakaran jami'o'i a cikinta, da yawa ba sa sake leƙa aji. Kiran wannan da sunan karatu yaudarar kai ce. Waɗanda suka daɗe ma ba kullum ake koyar da su ba. Binciken da aka fitar a 2014 a Jami'ar North Carolina ya gano cewa cikin shekara 18 ɗalibai kusan 3,100 sun bi ta wasu kwasa-kwasan da ba a shiga aji, ana ba da maki a kan takarda guda, kuma kusan rabinsu 'yan wasa ne.

A duk tsawon lokacin nan kuɗi na shigowa kamar ruwa. A 2010 NCAA ta sayar da haƙƙin nuna gasar watan Maris a talabijin kan dala biliyan 10.8 na shekara 14, a 2016 aka tsawaita da ƙarin biliyan 8.8 har zuwa 2032. A lokacin, manyan kociyoyi na karɓar miliyoyi, yaran da ake biyan kuɗi don a kalla kuwa sai kuɗin makaranta da abinci da ɗaki, in ɗayansu ya karɓi kyauta daga wani a dakatar da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ya sa nasihar a tsaya a yi karatu ke da wuyar haɗiya in ta fito daga bakin kocin da shi kansa zai bar makarantar gobe in wata ta ƙara masa albashi.

Ba wai digiri ba shi da amfani ba. Ana yawan ƙiyasta cewa matsakaicin zaman ɗan wasa a NBA shekara huɗu zuwa biyar ne, wanda ke nufin yawancinsu kafin su kai 30 sun gama, da sauran rayuwa mai tsawo a gaba. Amma digiri yana jira, ƙuruciya ce ba ta jira. Jordan ya koma ya kammala a 1986, Shaquille O'Neal a 2000, Curry sai a 2022, shekara 13 bayan fitarsa. Tun 2019 ma dokar NCAA ta wajabta wa makarantun rukunin farko su biya wa tsohon ɗan ƙwallon kwandonsu kuɗin kammala karatu in ya dawo cikin shekara goma, muddin ya yi aƙalla shekara biyu kafin ya tafi.

Abin da ya juya lissafin

Ed O'Bannon, wanda ya ci kofin ƙasa da UCLA a 1995, ya ga an yi amfani da kamanninsa a wasan kwamfuta ba a biya shi ba, ya kai ƙara a 2009. Daga wannan ƙara ginin ya fara tsagewa. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka yanke hukunci a kan NCAA a wata shari'ar, kuma daga 1 ga Yulin shekarar aka bar ɗalibai 'yan wasa su karɓi kuɗi da sunansu da hotonsu, ta hanyar talla da makamantansu. Masu kuɗi magoya bayan makarantu suka kafa gidauniyoyi, abin da aka kira talla ya zama albashi a fakaice. Sai a Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da wani sulhu da ya tanadi biyan tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8, ya kuma ba kowace makaranta damar raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko kai tsaye daga asusunta. An kuma sassauta dokar sauya makaranta, ɗan wasa na iya tashi duk shekara ya koma inda aka fi taya shi.

Sakamakon ya fito a alƙaluma. A 2021 waɗanda suka miƙa suna don shiga zaɓe kafin wa'adinsu sun haura 350, ko da yake annobar korona ta kumbura adadin shekarar. A 2025 mutum 106 ne kawai. JT Toppin ya koma Texas Tech, rahotanni suka ce kan kusan dala miliyan huɗu, kuɗin da ya fi na wanda aka ɗauka a ƙarshen zagayen farko. Ita kanta NBA ta rufe ƙungiyarta ta Ignite a 2024, wadda ta kafa a 2020 don biyan yaran da ba sa son zuwa jami'a, inda Jalen Green da Jonathan Kuminga suka fito, saboda jami'o'in sun fi ta biya.

Don haka tambayar yau ba ta kuɗi ko karatu ba ce. Zaɓi ne tsakanin wuraren aiki biyu. Wanda ke can sama ya tafi, domin agogon kwantiragi na biyu ba ya fara bugawa sai ya shiga. Wanda ake hasashen zai faɗa zagaye na biyu ko a rasa mai ɗaukarsa, yanzu komawa makaranta ta fi masa ko ta fuskar aljihu, digirin kuma ya zo a matsayin gyara. Masu wahalar yanke shawara su ne na tsakiya, daga wajen na 20 zuwa na 40. Su ma an sauƙaƙa musu. Tun 2016 ɗalibi na iya miƙa suna, ya je gwajin da ake yi a Chicago a watan Mayu, ya ji ra'ayin ƙungiyoyi, sannan ya janye cikin kwana goma bayan gwajin ya koma makarantarsa. In ya bar wa'adin ya wuce kuwa, ya rasa gurbinsa ko da ba a ɗauke shi ba. Mafi yawan waɗanda ke faɗawa rami a nan, ba rashin bayani ne ya jefa su ba. Ƙungiyoyi sun gaya musu gaskiya, suka zaɓi su saurari wakili ko ɗan'uwan da ya riga ya ci bashi da sunansu.

Mata ba su da wannan ciwon kai sosai, domin gasar WNBA ba ta karɓar 'yar Amurka sai ta kai 22 ko ta kammala jami'a, kuma albashin shekarar farko na Caitlin Clark, wadda aka ɗauka ta farko a 2024, bai kai dala dubu 80 ba.

Ga yaran Afirka akwai wani ƙulli na daban. Bizar ɗalibi a Amurka ta taƙaita aikin da mutum zai yi a biya shi a cikin ƙasar, saboda haka kuɗin tallan da abokin wasansa Ba'amurke ke karɓa hankali kwance, shi sai an bi ta bayan gida. Tshiebwe sai da Kentucky ta je wasannin share fage a Bahamas a Agustan 2022 ya samu damar yin tallace-tallacensa a can, tunda ba ƙasar Amurka ba ce. Ga kuma dangi a gida da ke jiran ya fara aiko da wani abu. A zaɓen 2020 an ga hanyoyin biyu a dare ɗaya: Precious Achiuwa ɗan Fatakwal ya yi shekara ɗaya a Memphis aka ɗauke shi na 20, Udoka Azubuike ɗan Legas ya yi huɗu a Kansas aka ɗauke shi na 27. Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu, wanda ya fito daga makarantar NBA da ke Saly a Senegal, shekara ɗaya ya yi a Duke ya tafi a na goma a 2025.

Yanzu har hanyar ta fara komawa da baya. James Nnaji, ɗan Makurdi, an ɗauke shi na 31 a zaɓen 2023, amma bai taɓa sa hannu da wata ƙungiyar NBA ba, ya ci gaba da wasa a Turai inda ya buga wa Barcelona. A Disambar 2025 NCAA ta ba shi izinin buga wa Jami'ar Baylor. Manyan kociyoyi suka yi ca, suna cewa an shigo da ƙwararre cikin ɗalibai. Shugaban hukumar, Charlie Baker, ya fito ya ja layi: duk wanda ya taɓa sa hannu kan kwantiragin NBA ba za a ba shi izini ba, wanda bai sa ba kuwa ana iya duba lamarinsa.